Amin Ɗin Da Baffa Bai Faɗa Ba

6 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar? Na san za ki ce da sauƙi, kamar yadda kike cewa shekara huɗu ke nan, alhali kina hawa matakalar ɗakin haihuwa kina dafa bango. Mu nan lafiya lau. Likita ya ce jinina ya ɗan hau, ya hana ni gishiri, maman yara kuma ta karɓi umarnin da murnar da ban taɓa ganin ta karɓi wani umarni da ita ba.

A takarda na rubuto, tunda kin ce a waya ba na barin ki ki kai aya.

Ga mujallar makarantarmu ta tauhidi. Ki buɗe shafi na goma sha ɗaya. A watan jiya muka yi taron shekara: Katolika, mu Furotesta, wani fada na Otodoks mai gemu har ƙirji, da baƙi Musulmi da Yahudawa. Tambayar ita ce dai wadda muka shekara ashirin muna taunawa: alherin Allah a ƙofar coci yake tsayawa, ko yana fita ya zaga gari? Kwana biyu ana karanta takardu, kowa yana jingina da masanan da suka daɗe a kabari. Da aka zo kaina sai na kife takardata na ba su labarin Baba da Baffa Mai Agogo.

Kin tuna wasiƙarki ta bayan rasuwar Baba? Kin ce a shekara ukun ƙarshe, da idonsa ya tafi, kullum bayan la'asar Baffa yakan riƙo hannunsa zuwa shago, ya turo ƙyaure, ya karanta masa littafinmu mai tsarki. Ki duba fa: ladanin masallacin layinmu, wanda muryarsa ke tashinmu tun muna 'yan makaranta, yana karanta wa tsohon mai bishara makaho nasa littafin a tsakiyar agoguna! Na ce musu akwai masanan da ke cewa mutum na iya zama na Almasihu bai sani ba, ni kuwa ba a laburare na gamu da irin wannan mutum ba, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Da na kai wurin da Baffa ya karanta labarin gicciye, hawayensa ya ɗiga a kan gilashin tebur, ya ce amin, Yaya, ko tari babu wanda ya yi. Fada mai gemu sai da ya nemi hankici.

Sun buga jawabin duka, har da hoton shagon da na ɗauka a zuwana na ƙarshe. Na sa guda biyu, ki kai wa Baffa ɗaya. Ki ce masa yaron nan da ya hana taɓa agogon bango ya sa shi a tarihi.

Ƙaninki,
Tabarau

21 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta kawo shirun, ba gwiwa ba. Nan kowa ƙalau, sai tarin jarrabawar ɗalibai a kan teburina, kowannensu ya warware sirrin Allah a shafi huɗu.

Wata biyu da rabi babu amsa, waya kuma sai ki ce kina ɗakin haihuwa. Ko dai garin nan kowa haihuwa yake yi, ko fushi ake da ni. Na sake karanta jawabin, na gano laifina: ban ambace ki ba. Ke kika yi jinya, ke kika ba ni labarin, na tashi na sha tafi ni kaɗai. Na karɓi laifi. Masu buga littattafai sun nemi in faɗaɗa shi ya zama babin farko na littafina, can zan sa ki a shafin godiya da manyan baƙaƙe, har da muƙaminki na babbar ungozoma.

Mutum ɗaya ne bai tafa ba. Wata malama Musulma mai koyar da fiƙihu, da muke kwamiti ɗaya, ta tare ni a wurin shan shayi ta ce, "Shi tsohon ya san ka naɗa masa wannan rawani?" Na ce ai yabo ne. Ta ce, "In na miƙe a taro na ce mahaifinka Musulmi ne bai gane kansa ba, yabo za ka ji?" Na yi dariya. Ita ba ta yi ba, amma dama ba ta cika yi ba.

Me Baffa ya ce?

Tabarau

9 ga Mayu

Tabarau,

Na sami wasiƙunka biyu. Lafiyarmu lau, gwiwa tana nan inda ka bar ta. Ka gaishe min da matarka da yara.

Ba fushin suna nake yi ba. Na yi shiru ne don duk lokacin da na ɗauki biro, abin da ke fitowa bai dace 'yar mai bishara ta rubuta ba.

Mujallarku ta riga wasiƙarka isowa, ka manta cocinmu na karɓar ta. Sabon faston da aka kawo mana bara, wanda ko gaisuwa sai da lasifika yake yi, ya karanta shafin nan a gaban jama'a ranar Lahadi. Ba ka sa sunan Baffa ba, na gani. Amma ka sa hoton shago da ƙaton agogon nan a ƙofa. Masu gyaran agogo nawa ne a garin nan da ke kiran salla?

Ranar Talata fasto ya kwaso mawaƙan coci su goma sha biyu, suka tsaya a ƙofar shagon suna waƙar maraba da ɗan'uwan da ya dawo gida. Baffa na ciki da gilashin nan na masu gyaran agogo a ido ɗaya, yana aiki. Ya fito yana tambaya ko wani ne ya yi aure. Duk layi sun fito kallo, har masu shagon taya. Fasto ya rungume shi, ya ɗaga mujallar sama.

Ranar Juma'a kwamitin masallaci ya ce ya dakata da kiran salla har a bincika. Shekara talatin da ɗaya yana kira, Tabarau. Ranar da matarsa ta rasu ma shi ya kira magariba. Yanzu babban ɗansa ba ya amsa gaisuwata. Matar ɗan, da na karɓi haihuwarta sau uku, ta zo awo ta ce a ba ta wata ungozoma. Liman ya yi tafiya, in ya dawo tsakiyar Yuli za su zauna su yanke ko a mayar masa da ladancin ko a'a.

Nawa laifin na sani. Baffa ya roƙe ni kada maganar karatun nan ta fita, na ce to, sannan na rubuta wa ƙanina don ya san ubansa bai mutu cikin kaɗaici ba. Ban rubuta wa taro ba.

Sai tambaya ɗaya. Ina ka samo hawayen? Ina ka samo amin? Ni na san abin da na rubuta. Kai kuma ba ka nan. Sau ɗaya ka zo a shekara ukun, ka kwana huɗu, biyu daga ciki kana kan waya. Likita ya hana ka gishiri a abinci, ka kwashe shi ka juye a takarda.

Ban kai masa mujallar ba. Ya riga ya gani.

Yayarka

20 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki, in har kina karɓar gaisuwata. Lafiyar jiki dai akwai.

A tsaye na karanta wasiƙarki, kusa da injin kwafi, wani ɗalibi na jira in sa masa hannu. Ban san me na sa wa hannu ba. Na shiga ofis na rufe ƙofa na zauna ina kallon kantar littattafaina. Akwai guda tara a kan yadda za a saurari mai wani addini. Uku daga ciki ni nake koyar da su.

Babu hawaye, babu amin. Ni na sa su. Da farko na gaya wa kaina cewa labarin ne ba shi da ƙarshe: tsofaffi biyu suna karatu, sai ɗaya ya mutu. Ɗakin taro yana son ƙarshe, ni kuma ina son ɗakin taro. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce ta ƙasa ba. Ta ƙasan ita ce: tun da na karanta wasiƙarki ta bayan rasuwar Baba nake jin kunyar kujerar nan ta shago da Baffa ke zama yana karatu. Tawa ce. Ni aka tura makaranta don in iya karanta littafin nan har da harsunansa na asali, ubana ya makance, maƙwabci ne ya karanta masa. To idan ya zamana Allah ne ya shirya haka don ya jawo Baffa, ka ga ba guduwa na yi ba, hanya na bayar. Shekara ashirin ina karatun tauhidi, Yaya, ashe abin da na ƙware a kai shi ne nema wa kaina uzuri mai lambar shafi.

Ga abin da na yanke. Na haɗo takarda da sa hannuna da hatimin makaranta, ki kai wa kwamitin masallaci. Na ce labarin duka ƙirƙira ce: Baffa bai taɓa buɗe littafinmu ba, hira kawai suke yi da Baba irin ta maƙwabta, ni na ƙaga sauran don in burge taro. Haka zan buga a mujalla. Babin ya tafi, wataƙila kujerata a kwamitinmu ma ta bi shi, fada mai gemu kuma zai nemi a mayar masa da hawayensa. Ba komai. In dai Baffa zai koma kan lasifikarsa, a kira ni maƙaryaci a harsuna uku.

Ki nuna masa kafin ki kai. Ki ce ina neman gafara, ban san da wace fuska ba.

Tabarau

11 ga Yuni

Tabarau,

Muna lafiya. Maigidan ya yi zazzaɓi kwana uku, ya warke. Yana gaishe ka, ni na ce zan isar ne kawai.

Na je shagon bayan na tashi aiki. Babu kowa, aikin ma ya ragu, agoguna biyu ne kacal a kan tire. Na karanta masa takardarka. Bai katse ni ba, yana ta goge wani murfi da tsumma. Da na gama ya ce, "Sake karanta wurin nan na tsakiya." Na sake. Ya aje tsumman.

Ya ce, "'Yata, wato da farko ya ƙara min abin da ban yi ba, yanzu kuma zai ƙwace min abin da na yi?"

Na ce, "Baffa, don ya wanke ka ne."

Ya ce, "Da me? Na karanta. Shekara uku. Daga bango zuwa bango sau biyu, har da wuraren nan na wane ya haifi wane, inda ubanku ke yin barci ya ce tunani yake. Idona ya yi ciwo a kan ƙananan baƙaƙen nan. Yaron da bai zo ba ne zai ce ba a yi ba?"

Sai ya ba ni labarin yadda abin yake, ni ma ban san rabinsa ba. Ya ce in ya zo inda bai yarda ba, yakan dafa yatsa a wurin ya ce, "Mai bishara, wannan kam ban yarda ba." Baba ya ce, "Ladan, karatu na ce ka yi min, ban ce ka yarda ba." Sai ya ci gaba, bai taɓa tsallake layi ɗaya ba. Ranar labarin gicciyen da ka sa shi kuka, faɗa suka yi. Baffa ya ce ba haka aka yi ba, Baba ya ce a kan wannan ya tsaya da ransa. Kwana biyu ba su yi magana ba. Sai ga Baba ya lallaɓo da sanda shi kaɗai, ya yi karo da bencin masu taya, ya shigo yana cewa, "Ina muka tsaya?"

Na ce, "Bai taɓa neman ka bi shi ba?" Ya yi dariya, karo na farko tun Fabrairu. Ya ce, "Sau biyu. Ni sau uku na neme shi. Muka ga muna ɓata lokacin karatu." Ya ce Baba ne ma ke ƙirga bugun agogon bango ya ce masa, "Tashi, magariba ta yi, kada mutanenka su ce na riƙe ka."

Na gaya masa gaskiya: takardarka za ta fi saurin mayar masa da ladanci. Akwai mutum biyu a kwamitin da karatun kansa ne ba su so, da amin ko babu amin. Ya ce ya sani, tare suka girma. Ya ce, "Ba zan tsaya in kira mutane zuwa ga Allah da ƙaryar ɗan abokina a aljihu ba. Ki ce ya rubuta abin da aka yi. In bai sani ba ya ce bai sani ba. Ba a koya musu wannan a makarantar tasu?"

Ga takardarka na mayar maka. Na lura da yadda ka ji daɗin rubuta ta. Har a tuba sai ka zama gwarzon labari.

Saura wata ɗaya.

Yayarka

22 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa. A gaishe da maigidan, Allah ya ƙara sauƙi.

Ba a koya mana ba. Ga sabuwar takardar, sau bakwai na rubuta, kowane karo tana raguwa:

"Ni ne ɗan marigayi mai bishara, maƙwabcin ladaninku. Na faɗa a taro, na kuma buga, cewa ya yi kuka ya ce amin a kan karatun littafinmu. Ƙarya na yi. Ba na nan, ban ga komai ba. Abin da ya tabbata shi ne ya karanta wa mahaifina makaho shekara uku, aikin da ni ya kamata in yi. Inda addininsa bai yarda ba ya faɗa a fili, ya bar karatun ya tafi kiran salla a kan lokaci. Na ba shi sunan da bai nema ba, ban tambaye shi ba. Musulmi ne, ya kuma san abin da yake."

Na kai wa editan mujalla. Ya ce ko za a sassauta kalmar ƙarya a ce kuskuren tuni. Na ce a bar ta. Na janye babin. Na nuna wa malamar fiƙihu, ta karanta a tsaye ta miƙo min ta ce, "Wannan ce takardarka ta farko a kan zaman tare." Ban san ko yabo ba ne, na daina amincewa da kunnena a wannan fanni.

Ina tsoro, Yaya. Ƙaryata ta farko ta cire shi, ta biyu da ta mayar da shi, gaskiyar kuma ban san me za ta yi ba.

Tabarau

19 ga Yuli

Tabarau,

Lafiya muke. Ina fatan kuna lafiya.

An zauna ranar Asabar bayan azahar. Ni a shago na jira, ya bar min mabuɗi. Awa biyu ina zaune a tsakiyar ƙarar agoguna, ban san yadda Baba ya jure ba.

Babban ɗansa ne ya zo ya ba ni labari, ka ga ke nan ya dawo yi min magana. Liman da kansa ya karanta takardarka, sau biyu. Ya tambayi Baffa ko haka ne, ya ce haka ne. Ɗaya daga cikin mutum biyun nan ya ce, "In aka sake ba ka, za ka sake karantawa?" Baffa ya ce, "In makaho ne kuma maƙwabcina ne, ƙwarai." Ɗan ya ce a nan ya san an gama.

Sun rubuta cewa babu shakka a kan musuluncinsa, Liman zai faɗa ranar Juma'a, kuma ya faɗa. Amma ladanci an bar wa wanda ya riƙe tun Fabrairu. Sun ce don a kashe surutu, kuma ai Baffa ya manyanta, ya huta. Liman ya biyo shi har shago yana ba shi haƙuri, Baffa ya ba shi kujera, ya karɓi agogon hannunsa ya ce yana gudu da minti uku.

Fastonmu ma ya je wurin Baffa, shi kaɗai, na tabbatar da haka. Ya yi ta murza hannu. Baffa ya ce masa mawaƙan suna da murya, a dai riƙa tambaya kafin a zo.

Jiya na fito aikin safe ana kiran asuba. Muryar ba laifi, ba ita ba ce dai. Na hango Baffa ya fito daga gida, ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama, leɓensa na motsi. Sannan ya gyara hula ya bi bayan mutane ya shiga.

Ya ce in gaya maka takardar ta yi, ko kalma ɗaya ba zai canza ba. Ya ce ya yafe maka duniya da lahira, don ubanka.

Na isar da nasa. Nawa ka jira.

Yayarka